Takardar Likitan Haƙori da Zumreta Ta Karanta Min

Shafi na 8

Zumreta, ke kika zubar min da haƙora. Na faɗa miki a ɗakinki yau da safe, ga shi ina maimaitawa a inda kowa zai gani. Ba tsufa ba ne, ba kuma gadon gidanmu ba ne kamar yadda kike ta yaɗawa a layi. Ke ce, yayar mijina, mai karanta wa mutane takarda.

Masu cewa na daɗe ban turo ba, ku yi haƙuri, baki ne ya kumbura. Ke kuma mai sharhin nan da kika ce in daina kama sunan mutane, ban iya karatu ba, amma na iya sunan wanda ya cuce ni.

Wanda bai ga shafin baya ba, ni ce Safeta, shekarata sittin da bakwai. Alhamis ɗin da ta wuce muna shan gahawa a gidan maƙwabciyata Dervisha, na gatsa ƙwayar suga kamar yadda nake yi tun ina budurwa, na janye hannu zan kurɓa, sai ga haƙorina na ƙasa tsaye a jikin sugan. Ko zafi ban ji ba. Ya fito kamar an zare karas bayan ruwan sama.

'Yata Behara ke rubuta muku duk abin da kuke karantawa. Da can murya nake tura mata Graz, can ƙasar waje inda take aiki, ta rubuta ta saka. Yau kuwa ga ta a gabana kan kujerar marigayi ubanta, don tun da ta ji labarin haƙorin ta hau bas, ranar Litinin ta sauka. Aikinta a can kula da tsofaffi ne. Ta yi musu wanka, ta taje musu kai, ta goge musu haƙora safe da yamma da ɗan buroshi mai laushi.

Rubuta yadda na faɗa, Behara. Kar ki gyara min magana.

Jiya Talata ta kai ni gari wurin likitan haƙori. Mace ce, Aldina, ko shekarun Behara ba ta kai ba. Na tafi da jakar takarduna gaba ɗaya, don ban san wadda za a nema ba.

Ta kwantar da ni, ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi tana kiran lamba.

"Shida. Bakwai. Nan takwas."

"'Yar nan, me kike ƙirgawa a bakina?"

"Zurfin rami, Mama. Dasashi mai lafiya manne yake da haƙori, ƙarfen nan ba ya wuce uku. Naki ya saki. Yaushe kika fara ganin jini?"

"Na buroshi ko na tuffa?"

"Kowanne."

"An kai shekara biyar. Da na ga buroshi na jawo jini sai na daina taɓa wurin, na ce bari ya warke."

Ta girgiza kai, amma ba ta yi min tsawa ba.

"Haka kusan kowa ke yi. Jinin nan shi ne kiran farko. In an daina gogewa, dattin ya daskare ya zama kamar dutse, ya yi ta gangarawa ƙarƙashin dasashi. Daga nan buroshi ba ya cire shi, sai mu. Ba ki lura haƙoran sun ƙara tsawo ba?"

"Na lura. Dervisha har doki take kirana."

"Warin baki fa?"

Wata nawa ina kare baki da gefen ɗankwali in zan yi magana a cikin mata, ba wanda na gaya wa.

"Ai ba ya ciwo," na ce. "Da yana ciwo da na zo."

"Shi ya sa yake cin mutane. Ba ya ciwo sai ya gama ɓarna."

Ta ɗauki hoton ƙashin, ta haska min a bango. Ban iya karatu ba amma na iya shinge. Na san yadda turke ke tsayawa in ruwa ya kwashe ƙasar gindinsa. Haka haƙorana uku na gaba suke tsaye, da giɓin na huɗun a gefensu.

"Ba wanda ya taɓa duba ki?" ta tambaya.

"An duba. Shekara biyu da suka wuce motar likitoci ta zo filin makaranta. Wani dogo ya leƙa bakina, ya ba ni takarda, ya ce komai na ciki, layi ya yi tsawo."

Ni takarduna da alama nake gane su. Wannan akwai hoton haƙori a kusurwar sama, da zoben gindin finjalin gahawa a tsakiya. Na zaro na miƙa mata. Ta karanta a fili.

"Ciwon dasashi ya fara taɓa ƙashi. A zo asibiti cikin wata guda don wanke ƙarƙashin dasashi. A gwada sugan jini."

"Sake karantawa."

Ta sake.

"Ina wurin kadulya?"

"Wace kadulya?"

"An ce min ganyen kadulya aka rubuta. A tafasa, a kurkure safe da yamma, shi ke nan."

"Babu kadulya a nan, Mama. Tana sanyaya baki, ban hana ki ba, amma ba ta cire dutse."

Shekara biyu ina tafasa ganye. Na ƙarar da na bayan gidana, na shiga na Dervisha.

Behara ta miƙe ta ce warin maganin ɗakin ya dame ta, ta fita baranda.

Na ce da likita, "Gaya min gaskiya, ni ba yarinya ba ce. Da na zo a wancan watan fa?"

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Ba zan rantse miki ba. Amma da wuya ki rasa ko ɗaya a na gaban nan. Ƙashin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage muke tsarewa. Na kusa da giɓin ba shi da abin riƙo, jibi zan cire shi. Sauran biyun zan yi musu faɗa. Za ki zo sau huɗu ko biyar, in kashe wurin da allura in wanke har ƙasa. Ke kuma ki goge ko da jini na zuwa, ki riƙa bin tsakaninsu da ƙananan buroshi. A gwada miki suga, don in ya hau dasashi ba ya warkewa."

"Za su tsaya?"

"In mun fara yanzu, ina sa rai. In an ƙara wata shida, a'a."

Yau da safe na aiki Behara gari ta sayo ƙananan buroshin. Da bas ya tashi na ɗaura ɗankwali, na ɗauki takarda biyu, na leƙa ta kan shinge.

"Dervisha, zo ki raka ni."

"Ina?"

"Gidan Yaya Zumreta."

"Da wannan fuskar? Bari in sauke wake."

Zumreta ta yi shekara talatin tana aiki a gidan waya. Tun da ta ajiye aiki, duk takardar da ta shigo layinmu a teburinta take kwana. Tabarau a wuya, da sarƙarsa. Shekara arba'in da shida da aka kawo ni gidan ƙanenta, har yau Amarya take ce min.

"A'a, Amarya da Dervisha tun da safe? Ku shigo, yanzu na ɗora ruwa. Yaya bakin? Na ce miki gado ne, uwarki ma da dasashi ta ƙarasa cin burodi."

Muka zauna. Ta kawo faranti da finjali uku da kwanon suga. Na zuba mata ido tana tsiyayawa. Sai na ga abin da na yi shekaru ina gani ban kula ba. Babban yatsanta na kan bakin finjalin. Sai gahawa ta taɓa yatsan take tsayawa.

Ta miƙo min. Na tura finjalin tsakiyar faranti.

Dervisha ta dafa gwiwata. "Safeta, bari mana."

Ban taɓa mayar da gahawar gidan nan ba. Ko ranar da muka yi faɗa kan iyakar gona sai da na sha.

"Amarya, gahawata kika ture?"

"Zan sha. Karanta min wannan tukuna, na manta yadda likitan ya ce."

Na miƙa mata takarda. Ta ɗora tabarau a hanci, ta miƙe wuya, ta matsa jikin taga kamar kullum.

"Ta motar likitoci ce?"

"Ke za ki gaya min."

Ta yi gyaran murya. "A tafasa ganyen kadulya. A kurkure baki safe da yamma. A rage abu mai tauri." Ta sauke takardar. "Ai na karanta miki tun wancan lokacin."

Dervisha ta leƙa, ta sake leƙawa, dariya ta ƙwace mata.

"Yaya Zumreta, kan saniya ne fa a jiki! Takardar allurar Rumenka ce! Yaushe saniyar Safeta ta fara kurkure baki?"

Ita kaɗai ta yi dariyar, ita ma ba ta daɗe ba.

Zumreta ba ta motsa daga jikin tagar ba. Ta cire tabarau, ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Amarya..."

"Ba faɗa na zo yi ba, bakina ma ba zai bari ba. Tun yaushe?"

Ta lalubi kujera ta zauna.

"Shekara uku. Tsakiyar ido ne. Duk abin da na kalla sai in ga kamar an goga toka a kai. Gefe-gefe nake gani. Yanzu ina ganin ɗankwalinki, ba na ganin fuskarki."

"Shekara uku kina mana karatu da ka?"

"Na san takardun layin nan kamar tafin hannuna. Na san ta wuta, na san ta fansho, na san wanda ɗansa ke rubuto masa da abin da zai ce."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa wa zai shigo gidan nan? Mijina Hamdo ya rasu, yara suna Sweden. Kuna zuwa da takarda, ku zauna, mu sha gahawa. Ranar da aka ji ba na gani, sai dai a riƙa aiko min da miya a kwano."

Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Amma na kai harshe na taɓa giɓin, tausayin ya koma inda ya fito.

Dervisha ta dafe ƙirji. "Wayyo ni. Takardar maganin zuciyar mijina fa? Ke kika ce ɗaya da safe rabi da yamma!"

"Wannan daidai ne, kwantar da hankalinki. Ni ba mahaukaciya ba ce. Takardar likita ban taɓa yin ta da ka ba. Sai in ce a bar min ta kwana, in samu mai ido a ɓoye ya karanta min, in haddace."

Na tuna. Tawa ma ta kwana. A nan ta samo zoben finjalin.

"To tawa wa ya karanta miki?"

Ta turo min finjali. "Sha, ta huce."

"Wa ya karanta miki, Yaya?"

"Ki bar shi a kaina. Kin ce ni ce, to ni ce."

"Wani ya kalli takardar nan da ido biyu, ya ga an ce wata guda, ya ce miki kadulya. Ko dai shi ya yi miki ƙarya, ko ke kika yi min. Zaɓi ɗaya."

"Dervisha, je ki duba wakenki."

"Na sauke," in ji Dervisha, ta ƙara gyara zama.

Zumreta ta juya fuska ta kalle ni da gefen ido, yadda take iya gani.

"Motar nan yaushe ta zo?"

"Ana jibi Babbar Sallah."

"Wa ke gidanki a wannan Sallar?"

Na kalli zoben finjalin da ke jikin takardar likitan.

"A jikin tagar nan Behara ta tsaya. Sau biyu ta karanta. Ta ce, Goggo, in kika gaya mata haka, za ta ce sai ni zan kai ta, ba ta yarda da kowa a asibiti. Zuwa huɗu ne ko biyar, ni kuma bas ɗina ranar Lahadi, in ban koma ba za a ba wata gurbina. Ki ce mata kadulya, ta riƙe ta zuwa kaka, zan dawo in kai ta da kaina."

"Kaka ta yi," na ce.

"Ta yi. Ba ta samu hutu ba. Bara ta zo kwana biyar, na ja ta gefe, ta ce Goggo ai na ga tana cin abinci lafiya, bari sai na dawo. Ni kuma in na buɗe baki na gaya miki, sai kin tambaye ni dalilin da ya sa na ba wani ya karanta. Ta riƙe sirrina, na riƙe nata."

"A bakina kuka ajiye sirrin naku."

Agogon Hamdo na ta bugawa a bango.

Na ɗauki finjalin na shanye. Ba suga, don ba ni da abin gatsawa. Ɗaci kamar me.

Na ce, "Yaya Zumreta, na sha gahawarki, amma ba mu gama ba. Ke kika dube ni kika ce kadulya, da tabarau a hanci. Gobe bas ɗin ƙarfe bakwai, da ke za a tafi. Ki zauna kusa da ni a cire haƙorin, in ba kya gani kya ji ƙararsa. In an gama, likitan ido na hawa na sama, ni zan riƙe miki hannu a matakala. Matan layi kuma da bakinki za ki gaya musu, kafin wata ta sake kawo miki takarda."

"In na ƙi fa?"

"Dervisha na nan."

"Ni ba ruwana," in ji Dervisha. "Amma gaskiya ba na iya riƙe magana ta wuce la'asar."

Na dawo gida. Na ba Rumenka ruwa. Da azahar Behara ta shigo da leda, ta zazzage ƙananan buroshi a kan tebur, ja da shuɗi da rawaya, tana jera min su.

"Mama, ja na tsakanin na gaba ne. A hankali za ki tura, kar ki tilasta. Kawo in nuna miki, haka nake yi wa wata tsohuwa a wurin aikinmu, shekararta tamanin da tara, haƙoranta ashirin da biyu."

"Ashirin da biyu," na ce. "Allah ya ƙara mata."

Na zuba mata miya ta ci. Na bari ta wanke kwano. Sannan na ce ta ɗauko waya, mutane na jiran shafi na takwas.

Ta fara da murmushi, tana cewa Goggo za ta mutu in ta ji wannan. Da muka zo wurin likita murmushin ya ɗauke. Tun daga wurin taga take jan rubutun a hankali.

Yanzu ta tsaya.

Rubuta cewa kin tsaya.

Ta ce, "Mama, don Allah."

Rubuta wannan ma.

Ta ce in bari mu yi magana mu biyu, ba a gaban duniya ba. Shekara biyu muna magana mu biyu, Behara. Duk Lahadi kina kira. Kina tambayar saniya, kina tambayar tuffa. Sau nawa na ce miki jinin bai tsaya ba? Kika ce in ci gaba da ganyen. Ke da kika san sunan ciwon, ke da kike sa wa tsofaffin wasu ranar ganin likita a kalanda.

Ban ce ki bar aikinki ba. Na san abin da bas ɗin Lahadin nan yake nufi, ni na raka ki tasha. Da kin gaya min gaskiya kin tafi, da na yi fushi kwana biyu, na ja Dervisha mun je. Ba ki ba ni wannan zaɓin ba. Kin ga uwarki ba ta karatu, kika zaɓa mata abin da takarda za ta ce.

Kar ki goge komai. Gobe kafin Aldina ta sa min allura zan miƙa mata wayar nan ta karanta min shafin daga sama har ƙasa. Na haddace abin da na faɗa. In kalma ɗaya ta ɓace zan sani.

Ɗaya ya tafi a cikin suga, ɗaya zai tafi gobe, biyu suna rawa. Likita ta ce zuwa huɗu ko biyar. Tikitin komawarki na gani a kan firiji, na san shi da hoton bas, Dervisha ta ce Lahadi aka rubuta.

Na gama tawa. Ga wayar a hannunki, ga mutane suna jira. Sauka layi ɗaya, ki sa sunanki, ki ba ni amsa a nan: me ya sa kika ce kadulya, kuma wa zai kai ni asibiti a zuwa na biyu?